Fayil Ya Koma Cikin Na'ura, To Ina Ƙofar Mai Ƙorafi?

Tun daga ranar da Shugabar Ma'aikatan Gwamnatin Tarayya, Uwargida Didi Esther Walson-Jack, ta sanya ƙarshen shekarar 2025 ya zama wa'adin da ma'aikatun tarayya za su yi ban kwana da fayil na takarda, su koma tafiyar da al'amuransu ta kwamfuta, masu magana a kan sha'anin mulki suka rabu gida biyu, kamar yadda aka saba rabuwa a kan kowane baƙon abu: wasu suna ganin da zarar takarda ta fita daga ofis, to, jinkiri da ha'inci za su tattara nasu ya nasu su bi bayanta, wasu kuwa suna kaɗa kai suna cewa ai ba yau aka fara yi mana irin wannan alkawari ba. Ni dai ina cikin masu goyon bayan wannan ƙuduri, amma goyon baya mai sharaɗi, malaman fiƙihu kuwa sun riga sun karantar da mu cewa abin da aka rataya ingancinsa a kan sharaɗi ba ya inganta sai sharaɗin ya tabbata. Sharaɗin nawa shi ne kada a ɗora wa jama'a wani tsari na na'ura face an buɗe masa ƙofar gyara, an kuma zaunar da mutum mai suna da fuska a bakin ƙofar.

Kafin mu yi nisa, ya kyautu mu san abin da ake magana a kansa, domin da yawa suna zaton ofis ya shiga zamani da zarar an jera kwamfutoci a kan tebura, alhali kuwa kwamfutar da ake buga wasiƙa da ita, a fitar da wasiƙar a takarda, a huda ta a sa cikin fayil a miƙa wa masinja, aikin tafireta kawai take yi, sai dai ta fi ta tsada da cin wuta. Abin da ake nufi wani tsari ne na manhaja da ke haɗa ma'aikatan ofis guda, ko na ofisoshi masu yawa, a kan aiki ɗaya, ta yadda mai buƙata zai cika fom a fuskar na'ura, fom ɗin ya tafi da kansa wurin akawun da ya kamata ya fara dubawa, daga nan ya wuce ga na gaba da shi, har ya isa ga wanda ke da ikon sa hannu, a kowane zango kuma na'urar tana rubuta sunan wanda ya buɗe shi, da ranar da ya buɗe, da abin da ya ƙara ko ya rage, da adadin kwanakin da aikin ya yi a hannunsa kafin ya sake shi.

Duk wanda ya taɓa bin sawun haƙƙinsa a sakatariya ya san nauyin wannan magana ta ƙarshe. Ka dubi dattijon da ya yi wa gwamnati aiki shekara 35, ya ajiye, ya zo neman kuɗin sallamarsa: ga shi zaune kan benci a bakin ɗakin rajista tun hantsi, da 'yar jakarsa ta leda mai ɗauke da takardar ɗaukar aiki da ta ƙarin girma na ƙarshe, duk sun yi laushi saboda yawan naɗewa da warwarewa. Akawun rajista ya buɗe babban littafinsa ya ce fayil ya fita tun makon jiya zuwa ofishin darakta. Sakataren darakta ya ce bai iso ba. Masinjan da ya ɗauka ya tafi hutu, ko kuwa yana nan amma bai tuna ba, kuma tunawarsa ba ta dawowa sai an ba shi na goro. Babu wanda ya ce wa dattijon nan ba za a biya shi ba, babu kuma wanda za a kama a ce shi ne ya hana, domin zaluncin ya watsu a tsakanin tebura bakwai har ya zama ba shi da uba. To, tsarin da muke magana a kansa, in an kafa shi bisa gaskiya, yana yi wa wannan zalunci uba, domin yana iya nuna cewa fayil ɗin wane yana gaban wane tun ranar kaza, kuma bai taɓa shi ba. Malaman hadisi ba su karɓar riwaya sai sun san ta hannun wa da wa ta biyo, kuma da wannan isnadi ne suke gane inda rauni ya shiga. Abin da ofisoshinmu suka daɗe ba su da shi ke nan, abin kuma da na'ura ta fi kowane akawu iya kiyayewa, tunda ba ta mantuwa, ba ta kuma jin nauyin kowa.

Saboda haka ban ga dalilin da zai sa Musulmi mai hankali ya ɗauki wannan al'amari baƙo ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, wadda ke cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu ta sauka, kuma ta ɗora wa marubucin nauyin yin adalci a cikin abin da yake rubutawa. Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya yarda da shi, shi ne ya kafa diwani a zamanin halifancinsa, aka rubuta sunayen masu haƙƙi a baitulmali da abin da kowannensu zai karɓa, bayan da dukiya ta yawaita har ta fi ƙarfin a riƙe lissafinta a ka. Tsare haƙƙi ta hanyar rubutu tsohon wajibi ne, alƙalamin kawai ya canja.

Turawan da suka ƙago waɗannan manhajoji sun riga mu shan wahalarsu, kuma asara ce mu sake biyan kuɗin darasin da wasu suka riga suka biya. Tun a watan Disamba na 1968 wani injiniya mai suna Douglas Engelbart ya nuna wa taron masana a birnin San Francisco yadda mutum biyu da ke wurare dabam-dabam za su yi aiki a kan rubutu ɗaya ta na'ura, kowa yana ganin abin da ɗan'uwansa ke yi. A 1975 mujallar Business Week ta yi bushara da ofishin da babu takarda a cikinsa, sai ga shi shekarun da suka biyo baya cin takarda a ofisoshi ƙaruwa ya yi, domin injin buga takarda ya yi arha, kowa kuma ya fi natsuwa da abin da ya riƙe a hannu. A 1989 manhajar Lotus Notes ta fito, wadda aka gina musamman don aikin haɗin gwiwa da fom na na'ura, ta yi kasuwa har kamfanin IBM ya sayi kamfanin Lotus a 1995 a kan dala biliyan 3.5. Amma abin da ya fi wannan ciniki amfani gare mu shi ne abin da masu bincike suka gano a cikin ofisoshin da aka kafa irin waɗannan manhajoji. Jonathan Grudin ya rubuta a 1988 cewa babban abin da ke kashe su shi ne saɓani tsakanin wanda ke yin ƙarin aikin da wanda ke cin moriyarsa, ya kuma buga misali da kalandar na'ura mai tsara lokacin taro: manaja ne ke morewa, shi da yake da sakatare mai cika masa tasa, ƙananan ma'aikata kuwa su ne za su riƙa shigar da jadawalinsu kullum ba tare da sun ga abin da ya ƙare su da shi ba, sai suka daina, tsarin ya mutu a tsaye. Bayan shekara huɗu Wanda Orlikowski ta jami'ar MIT ta binciki wani babban kamfanin ba da shawara da ya raba wa ma'aikatansa Lotus Notes don su riƙa musayar iliminsu, ta tarar ba su yi, saboda a wannan kamfani ƙarin girma yana ga wanda ya fi abokan aikinsa sani, kuma ba a taɓa ganin mai gasa yana raba makaminsa ga abokan gasarsa don kawai an ba shi sabuwar na'ura ba.

Idan mai karatu ya ɗauki wannan ma'auni ya auna ofisoshinmu da shi, zai ga inda gizo ke saƙar. Akawun da darajarsa a ma'aikata, da abin da yake kai wa gida bayan albashi, duk sun rataya ne a kan cewa shi kaɗai ya san inda fayil yake kwana, me zai sa ya yi maraba da na'urar da za ta sanar da kowa? Babban jami'in da bai saba taɓa madannan kwamfuta ba, wanda zai ba yaronsa kalmar sirrinsa ya ce ya buɗe ya buga masa abin a takarda ya kawo, sa'an nan ya rubuta umarninsa da jan biro yaron ya koma ya shigar, ya rushe isnadin nan tun daga tushe, domin na'ura za ta shaida cewa shi ne ya amince, alhali yatsun wani ne suka danna. Kuma ba na ɗora laifin duka a kan mutane, gama ofishin da wuta ba ta zama, intanet kuma sai an ɗaga waya sama ana neman sabis, dole ne ya riƙe fayil na takarda a gefe saboda larura, daga nan sai aikin ya zama biyu, ma'aikaci ya gaji, ya koma ga wanda ya saba. Wanda ya sayo manhaja bai sayo wuta da horo da sauyin ladan aiki tare da ita ba, ya sayi rabin abu ne da cikakken kuɗi.

Duk da haka, rashin adalci ne a ce ba mu ga amfanin wannan hanya a ƙasar nan ba. Tsarin biyan albashi na bai-ɗaya da ake kira IPPIS, wanda aka fara gwajinsa a 2007 da ma'aikatu bakwai, da lambar tantance masu ajiya a banki ta BVN da aka ƙaddamar a 2014, da asusun gwamnati na bai-ɗaya da aka tilasta aiki da shi a 2015, sun toshe ɓarakar da aka daɗe ana kuka da ita. A watan Fabrairu na 2016 Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ta sanar da cire sunaye 23,846 na ma'aikatan bogi daga jerin masu karɓar albashi, abin da ta ce ya rage wa gwamnati kashe naira biliyan 2.29 a kowane wata. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai a 2024 an ji Shugaban Ƙasa da kansa yana ba da umarni a karɓo albashin da wasu ma'aikata suka ci gaba da karɓa bayan sun ƙaura ƙasashen waje, a kuma hukunta shugabanninsu da suka rufa musu asiri, wanda ke nuna cewa na'ura tana kama sunan da ba shi da mutum, amma ba ta kama mutumin da wani mutum ya tsaya masa. Kuma wannan IPPIS ɗin dai shi ne ya zama ɗaya daga cikin manyan dalilan doguwar taƙaddama da ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU, wadda ta yi ta faɗin cewa tsarin an yanka shi ne daidai jikin ma'aikacin sakatariya, bai san malami mai hutun bincike a wata jami'a ba, bai san malami mai ziyara ba, bai kuma san sauran keɓantattun al'amuran jami'a ba. Ɗalibai sun zauna a gida wata tara a 2020, da wata takwas a 2022, kafin Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a watan Disamba na 2023 a fitar da manyan makarantu daga tsarin. Ko mutum yana tare da ƙungiyar ko ba ya tare da ita, ba zai musa cewa an daɗe ana gardama a kan abin da ya kamata a tattauna shi tun kafin a rubuta layin farko na manhajar ba.

A nan ne muka iso ga fom kansa, wanda shi ne fuskar da talaka ke gani ta wannan tsari duka, kuma a nan nake so in daɗe. Fom ba takarda ce marar ra'ayi ba. Wanda ya zana shi ya riga ya yanke hukunci a kan irin mutanen da ke duniya, ya yi wa kowane iri akwati, wanda bai shiga akwati ba kuwa, a wurin fom, babu shi. Ka shiga shagon intanet a kowane gari namu a lokacin rajistar jarabawa ko neman wani tallafi, ka tsaya bayan yaron da ke cika wa mutane. Akwatin farko yana neman sunan iyali, da ɗan jan tauraro a gefensa mai nuna cewa ba a wucewa sai an cika. Mu kuwa al'adarmu mutum yana da sunan yanka, sai sunan mahaifinsa, wani ya ƙara da na kakansa, wani da na garinsu ko unguwarsu, har ya zama 'ya'yan mutum ɗaya uku kowanne da abin da ya ɗauka sunan iyali. Yaron shago, da layi a bayansa, ba shi da lokacin tahƙiƙi. Abin da ya fara zuwa bakin mai fom shi zai zuba a akwatin farko. A banki an rubuta Muhammad, a katin ɗan ƙasa Mohammed, a takardar makaranta Muhammadu, dukansu kuwa mutum ɗaya ne, kuma duk wanda ya tashi a cikinmu ya san haka ba tare da an gaya masa ba. Asma'u da Mu'azu da Sa'adatu suna da wata ƙarin jarrabawa, domin fom da yawa ba su karɓar alamar da ke tsakiyar sunansu, balle haruffanmu masu lanƙwasa, sai Ɗanladi ya zama Danladi ko yana so ko ba ya so. Sa'an nan a zo ranar haihuwa: wanda aka haifa a gida, a shekarar da iyaye ke tunawa da ita da wani abin da ya auku ba da lamba ba, sai yaron shago ya zaɓa masa ɗaya ga Janairu, gobe wani yaron a wani shagon ya zaɓa masa wata ranar dabam.

Dā can wannan saɓani ba ya cutar da kowa sosai, domin kowace ma'aikata da littafinta, akawu kuma yana duban fuskar mutum ya gane. Amma tun da aka fara ɗaure rumbunan bayanai da juna, aka wajabta haɗa layin waya da lambar ɗan ƙasa ta NIN daga ƙarshen 2020, hukumar jarabawar shiga manyan makarantu ta JAMB kuma ta wajabta lambar ga masu rajista daga 2021, sai harafi ɗaya ya zama yana iya tsayar da albashi, ko ya rufe asusu, ko ya hana yaro zama jarabawar da ya shekara yana yi wa karatu. Daga nan sai mutum ya shiga zarya tsakanin kotu, inda zai yi takardar rantsuwa cewa shi ne shi, da gidan jarida, inda zai biya a buga sanarwar gyaran suna, da ofishin da zai biya kuɗin gyara, duk a kan kuskuren da sau da yawa ba shi ya yi ba. Aikin da dā akawun gwamnati ke yi a kan albashinsa, yanzu an juye shi a kan talaka, shi ke biyan mai shago, shi ke biyan kuɗin mota, shi ke biyan gyara. Wannan shi ne saɓanin nan da Grudin ya faɗa, ya fito daga cikin ofis ya sauka a kan jama'a.

Fayil na takarda, duk da aibobinsa da na lissafa, yana da wata falala guda da ba a cika ambatonta ba, wato yana da gefe. Ɗalibin ilimi ya san cewa littattafanmu na fiƙihu matani ne a tsakiya, da sharhi da hashiya a kewaye, kuma sau da yawa mas'alar da ta dame ka ba a matanin za ka same ta ba, sai a ɗan rubutun da wani malami ya rataya a gefe, inda ya ce wannan hukunci haka yake sai fa in abu kaza ya faru. Haka akawu mai tsoron Allah yake yi da gefen takarda: ya rubuta cewa wannan matar mijinta ya rasu kafin a kammala, ko wannan suna da wancan na mutum ɗaya ne, na san shi, a duba. Fom ɗin na'ura, yadda aka fi zana shi, matani ne tsura babu hashiya. Na san za a ce ai ta wannan gefen ne son kai da alfarma ke shigowa, kuma gaskiya ne. Amma maganin wannan shi ne a bar gefen a buɗe, a sa na'ura ta rubuta sunan duk wanda ya yi amfani da shi da hujjarsa, yadda mai bincike zai iya bi daga baya. Toshe ƙofar ijtihadi gaba ɗaya saboda tsoron mugun mai ijtihadi bai taɓa haifar da adalci ba, illa dai ya mayar da ma'aikaci mai cewa "sistem ne ya ƙi", yana faɗa kuwa da wani irin sauƙin rai, domin ya sami wanda zai jingina wa laifin da ba a iya kai shi ƙara.

Wanda yake ganin na zafafa, to, ya dubi abin da ya auku a Ingila, ƙasar da ba ta da matsalar wuta ko ta sabis. A 1999 hukumar gidan waya ta ƙasar ta fara aiki da wata manhajar lissafi mai suna Horizon, wadda kamfanin Fujitsu ya gina, a ƙananan rassanta da ke hannun 'yan kasuwa masu riƙe da su bisa yarjejeniya. Manhajar tana da kurakurai da ke nuna giɓin kuɗi inda babu giɓi, yarjejeniyar kuma ta ɗora wa mai riƙe da reshe biyan duk abin da ya ɓace. Waɗanda suka buga waya suna kuka an sha gaya musu cewa su kaɗai ne ke da wannan matsala. Tsakanin 1999 da 2015 an gurfanar da mutum fiye da 900 bisa zargin sata ko ƙaryar lissafi, aka ɗaure wasu, wasu suka sayar da gidajensu don cike giɓin da babu shi, wasu suka mutu da tabon sata a sunansu, duk saboda hukuma ta ɗauki shaidar na'ura a matsayin yaƙini, shaidar mutum kuwa a matsayin zato. Sai a 2019, bayan da mutum 555 ƙarƙashin jagorancin Alan Bates suka kai ƙara, babbar kotu ta tabbatar da cewa manhajar na da kurakurai, aka kuma gane cewa ma'aikatan kamfanin suna iya shiga lissafin reshe daga nesa su canja shi, abin da aka daɗe ana musantawa. A 2024 ne majalisar dokokin ƙasar ta yi doka ta musamman ta soke hukunce-hukuncen. Kuskuren manhaja ba abin mamaki ba ne, duk aikin ɗan Adam yana da naƙasa. Abin da ya mayar da kuskure bala'i shi ne shekara ashirin da aka yi ana kare martabar na'ura da mutuncin bayin Allah.

A nan gida mun ga ɗaya fuskar. A watan Mayu na 2025, bayan koke-koke sun yi yawa a kan sakamakon jarabawar shiga manyan makarantu, shugaban hukumar JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito bainar jama'a ya amsa cewa an sami kuskure a na'urorin da ya shafi ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin kudu maso gabas, ya nemi gafara, aka sake musu jarabawa. Ba na rage girman cutarwar da aka yi wa yaran nan da iyayensu, kuma da an yi taka-tsantsan tun farko da ba a kai ga haka ba. Amma tsakanin hukumar da ta amsa kuskurenta cikin 'yan kwanaki da wadda ta yi shekara ashirin tana ɗaure mutane don kada ta amsa, akwai tazara mai nisa, kuma abin da nake tsoro shi ne a wurinmu irin wannan amsawa ta dogara ne ga halin shugaban da aka yi dace da shi, ba ga wata ƙa'ida da za ta tilasta wa wanda ba shi da wannan hali ba.

Ƙasar Estoniya, wadda ake yawan buga misali da ita, mutanenta ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba, don haka ba komai nata zai yi mana daidai ba. Amma abu biyu na tsarinta, wanda ta fara ɗaure rumbunan hukumominta da shi tun 2001, ba su da alaƙa da yawan jama'a. Hukuma ba ta sake tambayar ɗan ƙasa bayanin da ya riga ya ba wata hukumar, kuma ɗan ƙasa yana iya shiga ya ga wace hukuma ce ta leƙa bayanansa. Watau isnadin bai tsaya ga shugaban ofis kaɗai ba, mai haƙƙin ma yana gani.

Magabata sun san cewa diwani ba ya tsayuwa shi kaɗai. Imam Mawardi, a littafinsa na hukunce-hukuncen mulki, ya keɓe babi guda ga wilayar mazalim, wato hukumar sauraron ƙorafin talakawa a kan ma'aikatan sarki, ya kuma sanya binciken marubutan diwani, ko sun ƙara ko sun rage a cikin abin da aka ba su amana, a cikin ayyukanta. Mu ma ba mu rasa makamancin wannan a takarda ba: Hukumar Sauraron Ƙorafe-ƙorafen Jama'a tana nan tun 1975, Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 kuma ta ba kowane mutum haƙƙin a gyara bayanansa in an yi kuskure, da haƙƙin kada a yanke masa hukunci mai nauyi ta na'ura tsura ba tare da mutum ya duba ba. Abin da ya rage shi ne a sauko da waɗannan haƙƙoƙi daga cikin kundin doka zuwa cikin fom ɗin kansa. Kowane fom na gwamnati ya kamata ya ƙare da sunan ofishi da muƙamin jami'in da ke da alhakin gyara, da adadin kwanakin da aka ɗiba masa, da wanda za a je wurinsa in ya saɓa. Ya kasance da fili inda mai cikawa zai faɗi abin da akwatuna ba su ɗauka ba. Ya karɓi sunayenmu yadda muke rubuta su. Ya zo da Hausa da sauran manyan harsunan ƙasa, domin wanda ya sa hannu a kan abin da bai fahimta ba, ba a ce ya yi iƙirari ba. In kuma kuskuren daga ma'aikacin hukuma ne ko wakilinta, to, karɓar kuɗin gyara daga hannun wanda aka yi wa kuskuren cin dukiyar mutane ne ba bisa haƙƙi ba, ko da an ba da rasit.

Akwai kuma wata amana da ban ji ana yawan ambatonta ba a cikin wannan gaggawa, ita ce ta ajiya. A gidan adana takardun tarihi na Kaduna mai bincike yana iya buɗe fayil na zamanin En'e ya karanta abin da Razdan ya rubuta da abin da Sarki ya mayar masa, alhali faifan kwamfuta na shekara ashirin da suka wuce da wuya a sami na'urar da za ta buɗe shi yau. Kafin a kwashe ɗakunan rajista a ce an shiga zamani, wajibi ne a san a hannun wa bayanan suke, a wace ƙasa rumbun yake, da abin da zai faru ranar da kwangilar kamfanin da ya gina manhajar ta ƙare.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ina kira ga gwamnonin jihohinmu, duk mai shirin bin sawun tarayya a wannan hanya daga cikinsu, da 'yan majalisun da za su amince da kuɗin, da kada su sa hannu a kan kwangilar kowace manhaja sai an nuna musu, a fuskar na'urar ba a bakin ɗan kwangila ba, inda talaka zai ga a teburin wa takardarsa take, da inda zai danna ya ce an yi masa kuskure, da sunan jami'in da zai amsa masa cikin kwanaki ƙidayayyu.